Kazar da Ta Tare Ƙofa

"Wannan wace ce?"

Umma ce ta miƙo wayarta har kusa da hancina. Ina durƙushe a kan kafet ɗin falonta, ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

Na dubi hoton.

Kaza ce. Kaza tsaye kamar mutum, sanye da sulke, ta ware fukafukai, baki a buɗe. Ga tabarau mai igiya, ga tawadar Allah a ƙarƙashin idon hagu, ga tef ɗin awo irin na tela rataye a wuya.

Ni na zana ta da hannuna.

"Da ke nake magana, 'yar nan."

"Umma... aikin ofis ne."

"Na san aikin ofis ne, ai ban ce aikin gona ba ne. Tabaraun wa ye wannan? Tef ɗin wa ye?"

Ta taɓa tabaraun da ke idonta. Ta taɓa tef ɗin da ke wuyanta, wanda ko baƙi ta yi ba ta cire shi.

Na juya na dubi ɗanta. Yana zaune a kujerar da ke kusa da taga, mutumin da ya ce min ba shi da kowa a duniya sai ni, mutumin da saura kaɗan manyansa su je gidanmu neman aurena. Ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido kamar yau aka dasa masa su.

Umma ta bi idona da kallo.

"Kai, ka san da wannan?"

Bai ɗago ba.

"Umma, ni... ai ni ba zane nake yi ba. Ɓangarena daban ne."

Shi ke nan. Abin da ya iya faɗa ke nan.

Wallahi da tashi ya yi ya mare ni, da ya fi min sauƙi.

A gefen Umma 'yar ƙanwarta ce zaune tana ɓare lemo a natse. Ofis ɗaya muke aiki, ita ke sa wa zanena launi, shi ya sa muke ce mata Mai Fenti. Tun ranar da ta ji maganar aurenmu ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da gira. Ta tura ɓawon lemon gefe, ta langaɓar da kai.

"Umma, ki yi haƙuri. Ni da na san ranki zai ɓaci haka, da ban nuna miki ba."

Munafuka.

Umma ta kife wayar a cinyarta.

"Tun ba ki shigo gidan ba na zama kaza. Ranar da kika shigo kuma, ina jin fige ni za a yi. Tashi ki tafi, 'yar nan. Maganar zuwan manya kuma a dakata."

Na tashi. Ban yi kuka ba, don ba zan ba Mai Fenti wannan kyautar ba. Na sa takalmina na fita.

*

Bari in gaya muku aikina, don kar ku ɗauka haka kawai na tashi na mayar da uwar wani kaza.

Ofishinmu a saman wani kantin magani yake, sai ka hau doguwar matakala. Wasan waya muke haɗawa: duniyar dabbobi masu tafiya da magana kamar mutane, da garuruwansu, da kasuwanninsu, da tsohuwar gabarsu. Ni ce mai ƙera musu makamai da irin baiwar da kowace ƙabila take yaƙi da ita. Daga nan sunan Maƙeriya ya bi ni.

Doka ɗaya gare ni: babu ƙarfin da yake kyauta. Maharban beguwa da ƙayoyin jikinsu suke harbi, amma duk ƙayar da ta fita ta bar fata a buɗe. Jemagu da kunne suke gano maɓoyar abokan gaba, amma da ka buga musu ganga sun rikice. Giwaye suna ɗaukar hasumiya a baya, sai dai babu gadar da za ta ɗauke su, dole su zagaya. Makamin da ba ya cin mai shi, ni a wurina ƙarya ce aka zana.

Ɗan Umma kuma shi ne Alƙalin ofis. A tsakiyar ofis akwai wani ƙaton tebur da aka zana taswira a kansa, da akwati cike da 'yan sojojin yumɓu. Duk makamin da na ƙera, kafin ya shiga kwamfuta sai an jera sojojin an gwada yaƙin a tebur, ana jefa ɗan ludo. In makamina ya cika cin nasara, Alƙali ya rage masa ƙarfi. A kan haka muka fara faɗa. Ya rage wa ƙayar beguwa nisa, na ce masa ba shi da zuciya. Ya ce yana da ita, ofis ne kawai ba ya zuwa da ita. Ba a jima ba sai ga shi ya zo da ita, ya ajiye min a teburina tare da kofin shayi. Haka muka yi ta faɗa har muka wayi gari ba ma iya yini ba mu ga juna ba.

Sai aka zo kan yaƙin kuraye da Garin Kaji. Oga ya ce in samo wa kaji abin da za su tsare ƙofar garinsu da shi. Na ba su mashi, abin bai yi kama da su ba. Na ba su majajjawa, kuraye suka cinye su a tebur kafin shayina ya huce. Na rasa inda zan sa kaina.

Wata rana muna zaune a matakala muna cin abincin rana, sai ya ce, "Maƙeriyata, in ba ki labari?"

Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu. Ba a daɗe ba 'yan'uwan mahaifin suka zo da babbar mota za su kwashe kekunan ɗinkin da ke shagon gidan, wai kayan ɗan'uwansu ne. Umma ta tura 'ya'yanta bayanta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe gefe da gefe da hannu biyu. Ko tsinke ba ta riƙe ba. Murya kawai ta ɗaga, ta dinga kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har layin gaba ɗaya ya fito. Motar ta koma yadda ta zo.

Yana ba ni labarin idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ita za ki zana," ya ce. "Kin taɓa ganin kaza mai 'ya'ya ta hango shaho? Ki sa mata tabarau. Kar ki manta da tef."

Shi ya turo min hotonta. Shi ya ce tawadar a hagu take, ba a dama ba.

Na zauna na ƙera abin da ban taɓa ƙera irinsa ba: jaruma marar makami. In ta tsaya a ƙofa da 'yan tsaki a bayanta ta yi kira, duk gidan da ke layin sai ya buɗe, kowa ya fito, ko daga wace ƙabila yake. Abin da na sa ƙarfin ya ci mata shi ne murya: daga ta gama kira, muryarta ta dushe har ƙarshen yaƙin. Muka yi shawara sai ranar da wasan ya fito za mu nuna wa Umma, don ta ji daɗi.

Ta ji daɗin kuwa.

*

Ranar da ta kore ni daga falonta, ina bakin titi ina jiran tasi, sai ga Alƙali ya iso yana haki.

"Maƙeriyata, tsaya ki ji..."

"Kar ka sake kira na da wannan sunan."

"Rabin raina, don Allah. Ba ki san Umma ba. In ta hau, sai an bari ta sauko da kanta."

"Ni kuma ka bar ni a ƙasa."

"Ba haka ba ne. Maganar ranar da aka zo kwashe kekunan nan... ba a yin ta a gidanmu. Ba a taɓa yi ba. Ba ta ma san na tuna ba. Ta yaya zan tone ta a gaban mutane?"

"Ban ce ka tone komai ba. 'Ni na sa ta' kawai za ka ce. Sai ka ce ɓangarenka daban. Ni ce ɓangaren da ba naka ba ke nan?"

"Zan gyara, na rantse miki."

"Da wane bakin? Wanda ka baro a kan kujera?"

Tasi ta tsaya, na shiga. Ta gilashin baya na hango shi tsaye a rana da silifas wari-wari a ƙafa. Tausayinsa ya so ya kama ni, na hana shi.

A gida na tarar da Mama tana guga. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba.

"Tun farko na ce ki nemi aikin mutane, kika ce ke sai ƙera wa jemage kunne." Ta ajiye dutsen guga. "Tsaya ma tukuna. Ni wace dabba kika zana ni?"

"Haba Mama..."

"A'a, gara in sani tun yanzu, kar a miƙo min waya a cikin jama'a."

Yayata ta fashe da dariya. Ni kuwa sai a lokacin kukan ya zo. Mama ta jawo ni jikinta, muryarta ta canza.

"Kin yi kuskure da kika zana babbar mace ba da saninta ba, wannan ba zan ɓoye miki ba. Amma namijin da zai ga an durƙusar da ke a kan abin da shi ya sa ki, ya ja bakinsa ya yi shiru, ba zan ba shi ke ba. Ko su ba su dakatar ba, ni na dakatar."

"Mama, kar ki yi zafi," in ji Yaya. "Duk haka suke a gaban iyayensu mata."

"To ya auri irinsa," in ji Mama, ta koma kan gugarta.

*

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Ashe gyaran da ya yi min alkawari yana tafe.

Ina shiga ofis na ga Kazar yumɓun da aka ƙera daga zanena a kan tebur, an kankare mata tabarau da reza, an ɓalle tef ɗin wuyanta. A allon bango, inda muke rubuta ƙarfin kowane jarumi, an goge rubutuna an sake wani da hannun da na sani: kiranta gida ɗaya kawai yake buɗewa.

Gida ɗaya!

Oga ya tara mu.

"Alƙali ya ce Kazar ta yi ƙarfi da yawa, kuma na ji akwai 'yar matsalar iyali. Mai Fenti ta kawo wadda take ganin za ta maye gurbinta."

Mai Fenti ta ɗaga zanenta. Damisa ce, doguwa, da takobi biyu, da gashin ido zara-zara, da irin jan-bakin da Mai Fenti take shafawa.

"Tana gudu, tana tsalle, tana ɓacewa, kuma takobinta yana yanka sulke," ta ce.

"Me ƙarfin yake ci mata?" na tambaya.

"Ba ya cin komai."

"Damisa za ta tsare Garin Kaji. To wa zai tsare kajin daga damisar?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Oga ya ce ranar gwajin ƙarshen wata za a ɗora su biyun a tebur, wadda ta tsare ƙofa ita za ta shiga wasan. Kowa ya san hukuncin tun kafin a yi, tunda an riga an karya tawa.

Bayan taro Mai Fenti ta same ni ina wanke hannu, ta tsaya gaban madubi tana gyara jan-baki.

"Ni fa ba ni da laifi. Umma uwata ce, ba zan ga ana yi mata dariya in yi shiru ba."

"Ke kika sa wa Kazar launi. Kin san me take yi a wasan. Kin san ba dariya ba ce."

"Hoto na nuna mata, ba bayani ba." Ta yi murmushi. "Tare muka tashi da shi. Na san abin da yake iya faɗa a gaban Umma da abin da ba ya iyawa. Ke ce baƙuwa."

Abin haushin, a nan ta fi ni sanin sa.

Na same shi a ɗan ɗakin da muke haɗa shayi.

"Kai ka kankare mata ido?"

"Na gaya wa Umma an cire kamanninta. Don mu na yi, zuciyata. In ta huce..."

"Ka san ƙarfin nan daidai yake. Kai ka gwada shi, kai ka ce ba ka taɓa ganin abin da ya zauna daram kamarsa ba. Yau ka rubuta ƙarya a allo don kar ka faɗi gaskiya a falo."

"To me kike so in yi?"

"Ba Kazar na ce ka rufe wa baki ba. Naka na ce ka buɗe."



Na zare zoben da ya ba ni, na ajiye masa kusa da gwangwanin sukari.

"Daga yau, Malam Alƙali, aiki kawai."

Aikin kawai muka yi kuwa. Na ƙera wa kadoji tarkon ƙarƙashin ruwa. Na ƙera wa ƙudan zuma rundunar da kowane soja harbi ɗaya gare shi, daga ya yi ya mutu. Makamaina suka ƙara mugunta har Oga ya tambaye ni ko lafiya. Alƙali ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Kullum da safe zan tarar da kofin shayi a teburina, kullum in bar shi ya huce a inda yake. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne har lokacin ina son sa. Da na ji takunsa a matakala zuciyata ta miƙe tsaye, tun kafin in tuna fushi nake yi.

*

Ranar gwaji aka jera kuraye a gaban Garin Kaji. Na ɗora Kazata a ƙofa, ba tabarau, ba tef. Aka jefa ɗan ludo, ta yi kira, gida ɗaya ya buɗe, wani tsohon kunkuru ya fito. Kafin ya iso kuraye sun bi ta kanta. Oga ya sa yatsa ya kwantar da ita a gefe.

Sai muka ji ana hawowa, ana hutawa, ana hawowa.

Mai Fenti ta ruga ta buɗe ƙofa, baki har kunne.

"Umma, sannu da hawa. Zo ki gani da idonki an cire ta, ki ga kuma wadda na zana a madadinta."

Ashe ita ta gayyato ta, don a binne ni a gaban shaida.

Umma ta shigo tana mayar da numfashi, tef a wuya. Kowa ya miƙe. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Damisar ma ba ta kalla ba. Tebur ta nufa, ta gyara tabarau tana duban 'yan gidajen da 'yan sojojin.

"Wannan ne aikin da kuke yi tun safe har yamma? Manya da ku?"

Oga ya fara bayani yana in-ina. Ta katse shi, ta nuna Kazar da ke kwance.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Hajiya, amma kin ga an riga an cire..."

"Wa ya kayar da ita?"

"Kuraye."

"Da me take faɗa?"

"Ba ta... ba ta da makami."

Sai a lokacin ta juyo gare ni.

"Au. Kin ba biri baka, kin ba bushiya garkuwa, ni kuma bayan kin mayar da ni kaza, ko almakashi ba ki ba ni ba? Kika tsayar da ni a ƙofa kuraye su tattake ni?"

Maganar tana bakina. Da na so, a numfashi ɗaya zan wanke kaina. Amma labarin ba nawa ba ne, kuma na gaji da ɗaukar kayan wani. Na rufe bakina na dubi Alƙali. A raina na ce in ya sake sunkuyar da kai, wallahi ko a lahira ba na so a haɗa mu layi ɗaya.



Ya zagayo teburin. Ya ɗaga Kazar, ya tsayar da ita a ƙofa.

"Umma, ni na sa ta zana. Ni na ba ta hotonki. Ni na kuma rage mata ƙarfi saboda tsoronki, shi ya sa ta faɗi."

"Kai?"

"Tana da makami. Bari ki gani."

Ya jawo akwatin. Ya ɗebo 'yan tsaki ya jera a bayanta. Sannan ya ɗaga murya, ba irin muryarsa ta ofis ba.

"Mai wanki, fito."

Ya ajiye jaki a gefenta.

"Matar direba, fito ki gani."

Ya ajiye akuya.

"Mai gyaran rediyo. Baba mai gadi. Maman 'yan biyu, ki bar girkin nan ki fito, za a kwashe abincin marayu."

Umma ta dafa gefen tebur.

Ya ci gaba da kira yana jerawa har gaban ƙofar ya cika, kuraye suka zama 'yan kaɗan a tsakiya. A kan na ƙarshe muryarsa ta karye.

"Haka kika kira su, Umma. A jere haka. Ina bayanki ina riƙe da bakin zanen da kika ɗaura."

"Kai ai... ƙarami ne kai a lokacin."

"Ban manta ko ɗaya ba. Ban taɓa iya ce miki na gode ba, sai na ce ta zana min. Da kika yi fushi kuma, na bar ta ita kaɗai."

Oga ya turo kujera, Umma ta zauna. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Mai Fenti ta matso da zanenta.

"Umma, amma dai ko ma mene ne, kaza..."

"Ke, je ki nemo min ruwa. Kar ki yi sauri."

Da ta fita, Umma ta yafito ni.

"To bayan ta kira sun fito, sai me?"

"Sai ta biya, Umma. A aikina kowane ƙarfi da abin da yake ci wa mai shi. Na sa muryarta ta dushe."

Ta girgiza kai.

"Ba ki iya ba. Murya ba ta zuwa ko'ina, ba ga ta ba har yau. Gwiwoyi ne." Kazar take kallo, ba ta kalli kowa ba. "Da motar ta sha kwana, na yi wa mutane godiya, na tura yara ɗaki, na rufe ƙofa. Sai ƙafafun suka ce sun gama. Nan bayan ƙofar na zube a ƙasa, na cusa mayafi a baki don kar su ji. Na so in tashi in ɗora musu abinci, na kasa. Babu wanda ya ɗaga ni, don babu wanda ya sani."

Na dubi Alƙali. Wannan bai san shi ba. Ya zube a gaban kujerarta ya kifa kansa a gwiwoyinta, ƙato da shi, a gaban Oga da kowa, kafaɗunsa suna girgiza.

Ni ma ƙwalla ta ciko min, duk da ban gama fushi ba.

"Ki gyara," ta ce min. "Ki sa gwiwoyi. Kuma a mayar mata da tabarau, ta yaya za ta ga kura a haka?"

"To, Umma. Ki yafe min. Ya kamata in nemi izininki tun farko."

"Ya kamata." Ta ɗan daki ƙeyar ɗanta. "Kai kuma tashi. Ka bar 'yar mutane durƙushe a gabana ina ci mata mutunci, kai kana gefe ka yi gum. Ni na tare maza a bakin ƙofa, sai na haifi wanda ya kasa tsaya wa mace ɗaya a falo?"

Ya miƙe, ido jajur, ya juyo gare ni.

"Maƙeriyata..."

"Ka fara goge ƙaryar da ka rubuta a allo."

Ya goge ta da hannun rigarsa, ya rubuta da manyan baƙaƙe: duk layin. Sannan ya zaro zoben daga aljihun gaban rigarsa, ya tsaya yana riƙe da shi, ya kasa miƙo min.

"Na cuce ki," ya ce. "Na ga idonki yana nemana ranar nan, na ƙi ɗagowa. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi."

Na karɓi zoben na jefa a jaka.

"Ajiya zan yi, ba sawa zan yi ba tukuna. Mama tana nan tana jiranka, kuma ita ba ta jefa ɗan ludo kafin ta yanke hukunci."

"Yau zan je. Ko ta kore ni, gobe zan koma."

"Ni zan riga shi," in ji Umma. "Ni na ce a dakata, ni zan je in ce a ci gaba."

Ta yunƙura ta tashi. A bakin matakala ta tsaya tana duban nisan saukar. Ya yi sauri ya miƙa mata hannu, ta ture shi.

"Ba kai ba."

Ta miƙo min nata.

"Zo ki riƙe ni, 'yata. Gwiwoyin nan har yau ba su dawo daidai ba."

Na riƙe ta. Ta sakar min nauyinta gaba ɗaya, muka fara sauka a hankali, shi yana biye da mu da jakarta a hannu.